Hanyar Alhazai a Hannun Mayaƙan Sama: Rundunar Sufurin Jiragen Yaƙi da Zangon Kano, 1940 zuwa 1945

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da Yaƙin Duniya na Biyu a makarantunmu ya san yadda darasin yake tafiya. Hitila ya auka wa Folan a 1939, Faransa ta faɗi a 1940, Japan ta kai wa Amurka hari a 1941, aka jefa wa Hiroshima bom a 1945, sai a rufe littafi. Yaro yakan tashi da zaton cewa rigimar Turawa ce can a ƙasashensu, abin da ya shafe mu bai wuce 'yan mazan jiyan da aka kwasa zuwa Bama ba. Abin da nake son in bayyana a wannan maƙala shi ne, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da aka yi wa yaƙin nan jigilar jirage da kaya ta ratsa ne ta tsakiyar ƙasar Hausa, ta sama, kuma Kano ce babban zangonta a wajenmu. Daga Gusau zuwa Kano, in an miƙe kamar tafiyar tsuntsu, kilomita 200 ne da 'yan kai.

Rundunar da ta riƙe hanyar a tsakiyar yaƙin ita ce Rundunar Sufurin Jiragen Sama ta sojan Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da haruffa uku, ATC. Aikinta iri biyu ne: ta kai sababbin jiragen yaƙi daga inda aka ƙera su zuwa bakin daga, ta kuma ɗauki mutane da wasiƙu da magani da kayan gyara zuwa duk inda ake bukatarsu. Da a zamanin fatauci ne, sai mu ce ita ce madugu da masu jakuna. Sai dai ba za a fahimci tarihinta a ƙasar nan ba sai an koma baya kaɗan, domin ta tarar da hanyar ne a share.

Hanyar Gabas

Dattawa sun san hanyar da alhazan dauri suke bi. Mutum ya tashi daga Tsafe ko Bungudu da jakinsa, wani lokaci har da iyalinsa, ya nufi Kano, daga nan ya faɗa ƙasar Barno, ya haye zuwa Fort Lamy wadda ake kira Njamena a yau, ya ratsa Wadai, ya shiga Darfur ta Aljunaina, ya wuce Alfashir da Al'ubayyid, har ya kai gaɓar kogin Nilu. Daga can sai Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, domin guzuri yakan ƙare, sai a tsaya a yi noma ko ƙodago a tara wani. Da yawa ba su komo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu a Sudan, wanda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, shaida ne a kan yawan mutanenmu da hanyar nan ta haɗiye.

Idan mai karatu ya ɗauki taswira ya ɗora hanyar jiragen yaƙi a kan wannan hanya ta alhazai, zai ga kusan layi ɗaya ne. Dalilin kuwa a fili yake. Arewa da layin akwai Sahara, inda babu ruwa babu mutane. Kudu da shi akwai kurmi da ruwan sama mai yawa, inda jirgin da ya sami matsala ba shi da wurin sauka. A tsakani ne ake da ƙasa shimfiɗaɗɗiya, da garuruwa a jere, da rijiyoyi, da masu sarauta da za a iya neman leburori a wajensu. Abin da jaki yake bukata, kusan shi ne jirgin wancan zamani yake bukata.

Jirgin sama ya fara bin hanyar ne a 1925. Jirage uku na mayaƙan saman Ingila suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira a ƙarshen watan Oktoba, suka biyo ta Hartum da Alfashir da Fort Lamy da Maiduguri, suka sauka a filin sukuwar Kano ran 1 ga Nuwamba. Shugaban tafiyar wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. A riƙe sunan nan, za mu sake gamuwa da shi. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja daga Hartum zuwa Kano, kafin shekarar ta ƙare aka miƙa hanyar har Ikko. Saboda haka lokacin da yaƙi ya ɓarke akwai 'yan filayen sauka a jere, na jar ƙasa, masu ɗaukar ƙaramin jirgi ɗaya ko biyu a mako.

Shekarar 1940

A watan Yuni na 1940 abubuwa biyu suka faru a jere. Italiya ta shiga yaƙin a gefen Jamus, Faransa kuma ta miƙa wuya. Ingila tana da runduna a Masar wadda take tsare da mashigin ruwa na Suwis da hanyar man fetur, ga sojan Italiya a Libiya ta yamma, ga su kuma a Habasha. Bahar Rum ta zama tarko ga jiragen ruwan Ingila. In an ce a zagaya da kaya ta ƙarshen Afirka ta Kudu, tafiyar makonni ce masu yawa, rundunar Masar kuwa jiragen sama take nema a yau.

Dabarar da aka yi ita ce, a kawo jiragen a kwance cikin manyan akwatunan katako ta jirgin ruwa zuwa tashar Takoradi a ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, sa'an nan a tuƙa su ta sama a ƙetare Afirka. Hafsan da aka ɗora wa aikin, Thorold, ya isa Takoradi da mutanensa cikin damanar 1940, ayarin farko kuma ya tashi a watan Satumba. Daga Takoradi zuwa Masar wajen mil 3,700 ne, ana yin su cikin kwana shida in babu matsala. Rana ta farko a kwana Ikko, ta biyu a yi mil 525 zuwa Kano, daga nan a sha mai a Maiduguri da Fort Lamy a nufi Aljunaina, sai Alfashir da Al'ubayyid da Hartum, sa'an nan a bi Nilu a gangara arewa.

Akwai wuri ɗaya da duk shirin ya rataya a kansa, wato Cadi. Bayan faɗuwar Faransa, ƙasashen da take mulka sun rabu biyu. Nijar ta bi gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus, kuma haka ta zauna har ƙarshen 1942, abin da ya sa iyakarmu ta arewa, daga Sakkwato har Barno, ta zama iyakar da ake sa wa ido. Da Cadi ta bi sahu, da hanyar ta yanke a tsakiya. Sai gwamnanta, Félix Éboué, baƙar fata ne haifaffen Giyana ta Faransa, ya bayyana goyon bayansa ga Janar Digol ran 26 ga Agusta 1940, makonni kaɗan kafin tashin ayarin farko. A ganina mutumin nan ya cancanci a ambace shi a aji fiye da janar-janar da yawa da muke tilasta wa yara haddace sunayensu.

Yadda ayarin yake tafiya ma abin a faɗa wa ɗalibai ne. Ƙananan jiragen faɗa irin Hurricane mutum ɗaya suke ɗauka, ba su da mai duba taswira. Don haka sai a sa babban jirgi mai inji biyu, yawanci Blenheim, ya shige gaba a matsayin jagaba, ƙananan biyar ko shida su bi shi a baya, kowa idonsa a kansa. Wanda ya ɓace wa jagaba cikin hazo ko hadari ya shiga uku. Akan shafa wa bayan jiragen farin fenti domin in ɗaya ya faɗi a daji masu nema su hango shi daga sama. Matuƙan, cikinsu har da 'yan Folan da suka tsere bayan an ci ƙasarsu, in sun miƙa jirgi a Masar sai a kwaso su a jirgin fasinja a komo da su Takoradi su ɗauki wani. Ƙura da zafi suna cin injin ƙwarai, har jirage da yawa sai an yi musu babban gyara kafin su shiga faɗa. Duk da haka, zuwa Oktoba 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta hanyar. Wanda yake karɓar kaso mai yawa daga cikinsu a hamadar Masar, tun daga 1941, shi ne Coningham ɗin nan da ya sauka a filin sukuwar Kano, domin a lokacin shi ne kwamandan mayaƙan saman da suka kara da Romel har zuwa gwabzawar Al'alamain a ƙarshen 1942.

Shigowar Amurka da Kafuwar ATC

Amurka ta shigo hanyar tun kafin ta shiga yaƙin. A watan Maris 1941 majalisarta ta yi dokar ba Ingila aron kayan yaƙi, ran 29 ga Mayu kuma aka kafa wata ƙaramar runduna ƙarƙashin Kanar Robert Olds domin kai jirage daga masana'antu zuwa inda Ingilishi za su karɓa. Wannan ita ce uwar ATC. Da yake ƙasar ba ta cikin yaƙi a hukumance, ba ta iya tura soja Afirka a fili ba, sai ta laɓe a bayan kamfani. A watan Agusta 1941 Shugaba Roosevelt ya sanar cewa kamfanin Pan American zai riƙa kai jirage da kaya ta Afirka ta Yamma zuwa Gabas ta Tsakiya. Kamfanin ya kafa reshe na musamman mai hedikwata a Ankara, babban birnin Gwalkwas, a watan Oktoba kuma jiragensa ƙirar DC-3 suka fara zirga-zirga tsakanin Ankara da Hartum. Ma'aikatansa farar hula ne. Su suka tsawaita filayen sauka, suka gina masaukai da ɗakunan wayar iska da na duba yanayi a Kano da Maiduguri da sauran zangunan.

Bayan harin Japan na Disamba 1941 babu sauran ɓoye-ɓoye. Ran 20 ga Yuni 1942 aka faɗaɗa waccan ƙaramar runduna aka ba ta sunan da muka sani, ƙarƙashin Janar Harold George. Mataimakinsa, C. R. Smith, shugaban kamfanin American Airlines ne aka sa wa kaki. Wannan ya nuna irin rundunar: rabinta soja, rabinta 'yan kasuwar jirgin sama da suka san yadda ake tsara lokacin tashi da sauka da lissafin mai. An rarraba duniya zuwa sassa, Kano ta faɗa cikin sashen Afirka da Gabas ta Tsakiya mai hedikwata a Ankara. Zuwa tsakiyar Disamba 1942 soja sun karɓi dukkan aikin daga hannun Pan American, ma'aikatan kamfanin da yawa aka ba su muƙamin soja suka ci gaba da abin da suke yi. A ƙarshen 1943 aka raba sashen biyu, Kano ta zauna a na Afirka ta Tsakiya. Ingilishi kuwa ba su tashi ba, suna nan a filin tare da baƙin nasu, su ma a Maris 1943 suka haɗa aikin jigilarsu ƙarƙashin runduna ɗaya.

A hannun ATC hanyar ta yi tsawon da ba a taɓa gani ba. Jirgi yakan tashi daga Florida, ya bi ta tsibiran Karibiyan zuwa Natal a gaɓar Barazil, ya tsallaka Tekun Atlantika. A tsakiyar tekun akwai wani tsibirin dutse, Ascension, inda injiniyoyin Amurka suka fasa dutse suka yi filin sauka a 1942, abin da ya raba tsallaken gida biyu, kowanne wajen mil 1,400, har jirage masu inji biyu suka iya yi. Daga can sai Ankara, sai Kano. A Hartum hanyar takan yi rassa: wasu su yi arewa zuwa Alƙahira, wasu su wuce Iran inda ake miƙa wa Rasha jirage, wasu su bi ta Adan zuwa Karaci. Ƙananan jiragen faɗa da ba za su iya tsallaka teku ba, jirgin ruwa mai ɗaukar jirage ne yake kawo su kusa da gaɓa. Wani mai suna Ranger ya saki 68 ƙirar P-40 zuwa Ankara a watan Mayu 1942, ya kuma komo da 72 a Yuli, duk suka bi hanyar gabas.

Reshen da ya bi ta Karaci shi ne mafi tsanani. Japan ta ci Bama a 1942 ta toshe hanyar mota ɗaya tilo da ake kai wa ƙasar Sin kaya, ya zama dole a riƙa ɗaukar komai ta sama daga Assam a Indiya a tsallake duwatsun Himalaya zuwa Kunming. ATC ta karɓi wannan aiki a Disamba 1942. Kafin a rufe shi a ƙarshen 1945 an tsallakar da kaya wajen tan 650,000, an yi hasarar jirage kusan 600. Matuƙan jiragen faɗa sukan yi wa 'yan ATC ba'a, suna juya haruffan nan uku su ba da ma'anar masu ƙyamar fagen fama. Wanda ya dubi wannan lissafi ya san ba'ar ba ta yi adalci ba. A ƙarshen yaƙin rundunar tana da soja fiye da 200,000 da jirage sama da 3,000.

Abin da Zango Yake Ci

Littattafan Turawa sun cika da labarin matuƙa. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne aikin ƙasa, domin nan ne mutanenmu suke. Jirgi ba ya tashi sai da mai, man kuwa duk daga bakin teku yake zuwa. Kano ta yi sa'a, jirgin ƙasa ya iso ta tun 1911, saboda haka ana loda man a Ikko a sauke a Kano. Maiduguri ba ta ga jirgin ƙasa ba sai 1964, nata man sai a motocin lori, a kan hanyar da damina take lalatawa. A Darfur har raƙuma an ɗora wa gwangwanayen mai daga ƙarshen dogo na Al'ubayyid. Jamusawa sun gane inda rauni yake. A watan Janairu 1942 wani jirginsu guda ɗaya ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa bom a ma'ajin man Fort Lamy, ya ƙone abin da aka yi wata da watanni ana tarawa.

Filin da aka yi domin ƙaramin jirgin wasiƙa ba zai ɗauki jirgin bom mai inji huɗu ba. Sai an tsawaita shi, an zuba marmara, an daɓe, an yi magudanar ruwa. Da diga da shebur da kwando aka yi mafi yawan aikin, leburorin kuwa ta hannun En'e da hakimai ake samo su. Masu gungura gangunan mai, da masu tace shi, da masu gadi, da kuku da boyi da mai wanki, duk 'yan ƙasa ne. Rahotannin rundunar sun ƙidaya jirage da tan na kaya dalla-dalla, waɗannan mutane kuwa ba a damu da rubuta sunayensu ba.

Yanayi ma abokin gaba ne. Da hunturu hazo yakan rufe Kano har matuƙi ya kasa ganin ƙasa, da bazara kuma ga guguwa da hadarin gabas mai tasowa farat ɗaya. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da baƙin ƙwarai, musamman a zangunan bakin teku. Wani abin mamaki, hukumomin Barazil sun tsananta a kan sai an yi wa kowane jirgi da ya fito daga Afirka feshi, domin sauronmu ya taɓa tsallaka musu a 1930 ya haddasa annoba, sai a 1940 suka gama kawar da shi, ba su kuma son ya komo.

Rabon Ƙasar Zamfara

Gusau ba zangon hanyar ba ce, kuma bai kamata malami ya faɗa wa yara abin da ba haka ba don son gida. Nauyin yaƙin ya iso mu ne ta dogo. Layin da ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtuwa da Tsafe da Gusau zuwa Ƙauran Namoda an buɗe shi a 1929, shi ya mai da Gusau kasuwar gyaɗa da auduga ta Lardin Sakkwato. Da Japan ta ci Malaya da Singafo a farkon 1942, Ingila ta rasa kuza da man girki da take samu daga can, sai ta juyo kanmu. Aka matsa a kan noman gyaɗa. Aka kuma yi diban gwamna daga 1942 zuwa 1944, wato kwasar mutane tilas zuwa haƙar kuza a Jos, inda sanyi da ƙarancin abinci suka kashe da dama. Hatsin ciyar da soja da leburori ma daga rumbunan talakawa aka auna shi. A wannan tsakani ne aka yi yunwar da a wasu sassan ƙasar Hausa ake kira 'Yar Gusau. Duk umarnin nan ta hannun Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da wakilinsa a Gusau, Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka turo a 1938 ya kula da gundumomin gabas, yake sauka a kan Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bungudu, su kuma su sauke a kan dagatai.

Inda mutanenmu suka haɗu da jirgin jigila ido da ido shi ne Bama. An kafa Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a 1943, ta 82 ta bi bayanta, kuma Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Nijeriya. Su ta jirgin ruwa aka kai su Indiya. Amma da ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, babu hanyar mota a bayanta. Ita ce runduna ta farko mai wannan girma da aka ciyar da ita ta sama kaɗai. Abinci da harsashi da magani jirgin Dakota ne yake jefo su, wasu da laima, shinkafa kuwa sau da yawa haka nan ake turo ta cikin buhu biyu, ɗaya cikin ɗaya, don kada ta fashe ta watse. Daga inda kayan suka faɗi sai a kai, domin rundunar tana da dubban sojoji 'yan dako waɗanda aikinsu ke nan. Su ne kuma suke sare daji su share ɗan fili inda ƙaramin jirgi zai sauka ya ɗauki wanda aka harba. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Nijeriya kuwa an ware su aka haɗa da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit, aka sauke su da jirage a bayan layin Japan a 1944. Daga nan barikin Chindit na Zariya ya samo sunansa, kamar yadda barikin Dalet na Kaduna ya samo nasa daga wani wuri a Arakan.

Ya kamata a bambance, masu jefa kayan nan rukunonin jigila ne na Ingila da Amurka da ke ƙarƙashin kwamandojin fagen daga. ATC tana can tana fama da duwatsun Himalaya. Amma da abin ya yi tsanani a Fabrairu da Maris 1944, lokacin da Japan ta yi wa sojojin Ingila da Indiya ƙawanya a Arakan da Imphal, sai da babban kwamanda Mountbatten ya ari jiragenta. Haka kuma jiragen jigilar Amurka da suka isa Indiya a 1942 da 1943, da yawansu ta hanyar Afirka suka je. Ke nan ba abin mamaki ba ne a ce jirgin da ya jefa wa wani ɗan Bungudu buhun shinkafa a dajin Bama ya taɓa shan mai a Kano.

A shekarun da nake aiki na zauna da tsofaffin sojojin Bama da dama, musamman in sun taru ran 15 ga Janairu domin bikin tunawa da 'yan mazan jiya. Na lura ba su cika son zancen harbi ba. Zancen da suke sakin jiki da shi shi ne na ruwan sama da matsattsaku da ranar da jirgi zai zo: yadda ake shimfiɗa alama a ƙasa, yadda kowa yake neman gindin itace ya raɓe domin buhun da ya faɗo a kan mutum yana iya kashe shi, da yadda ciki yake ɗurar ruwa in hadari ya hana jirgin zuwa kwana biyu. Yawancinsu ba su taɓa shiga mota ba kafin a ɗauke su soja.

Bayan Yaƙi

Darajar hanyar ta fara raguwa tun yaƙin bai ƙare ba. Da sojojin ƙawance suka sauka a Maroko da Aljeriya a Nuwamba 1942, Dakar ta buɗe, jiragen da za su Turai suka koma bin gaɓar yamma. A Mayu 1943 aka gama da Jamusawa a Tunisiya, Bahar Rum ta buɗe, aikin harhaɗa jirage a Takoradi ya tsaya. Zangon Kano ya ci gaba da yi wa hanyar Indiya hidima har 1945, sa'an nan Amurkawa suka naɗe kayansu. Ita ATC an haɗe ta da takwararta ta sojan ruwa ran 1 ga Yuni 1948, an sake wa magajiyarta suna a 1966 da kuma 1992. Janar William Tunner, wanda ya jagoranci tsallaken Himalaya daga 1944, shi ya tsara ciyar da birnin Berlin ta sama a 1948 da 1949.

Abin da aka bar wa Kano shi ne fili mai ɗaukar manyan jirage da ma'aikatan da suka san aikin. Kamfanonin Turai masu zuwa Afirka ta Kudu da Kwango suka mai da ita wurin shan mai bayan tsallaken Sahara, aka buɗe sabon ginin tashar a 1957, wadda daga baya aka sa mata sunan Malam Aminu Kano. Nijeriya ta kafa nata mayaƙan sama a 1964, ta sayi manyan jiragen jigila ƙirar C-130 a 1975, su suka yi ta kai sojojinmu Laberiya daga 1990. Ɗaya daga cikinsu ne ya faɗi a Ejigbo kusa da Ikko ran 26 ga Satumba 1992, mutum fiye da 150 suka rasu, akasarinsu hafsoshin da ke kwas a Jaji.

Alhazai kuwa sun karɓi hanyarsu, amma ta sama. Tun daga shekarun 1950 jirgi ya fara maye gurbin jaki da lori, tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i, kuma layin da ake bi daga Kano zuwa Jidda ta kan Cadi da Sudan yake ratsawa. Bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, shekara da shekaru maniyyatanmu sai sun yi tafiyar mota zuwa Sakkwato kafin su hau jirgi, sai a watan Yuni 2024 aka ƙaddamar da aikin babban filin jirgin sama a Gusau. A 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan har sunayen Aljunaina da Alfashir suka komo cikin labarai, an rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazan Nijeriya suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo, kuɗin jirgi ma ya ƙaru.